Yaya a Ɗakin Jiran Tiyata

Yaya ta shigo ɗakin jiran tiyata da filas a hannu ɗaya, jakar kaya a ɗayan, tana taku irin na wadda ta yi shekara talatin tana hedimistires. Ta yi ritaya, amma halin bai yi ba. In tana magana ba a katse ta, in wani na magana ita ke ƙarasa masa.

Kwana uku ke nan da ta zura hannu a jakar ƙanwarta Auta tana neman abin yanke farce, ta ciro wata takardar asibiti. Zanen ƙirji ne an zagaye gefe guda da jan biro, a ƙasa ga bayanin yadda ake cire sankarar mama a kuma gyara wurin a aiki ɗaya. Ta titsiye Auta. Auta ta fashe da kuka, ta ce ranar Talata ne aikin, amma an hana ta gaya wa kowa.

"Wa ya hana ki?"

"Shi. Yaya, ki tsaya ki ji..."

"Na ji."

Dama can Yaya da mijin Auta ba sa ga-maciji. Direban tirela ne, ƙato mai gashin baki, wanda in yana gida yini yake da singileti yana baza ƙirji kamar zai tare mota. Yau ga shi a kujerar lungu, ya ɓalla maɓallan riga har wuya, ya yi tsuru-tsuru yana haɗa gumi a ƙarƙashin fanka. Auta ce ke ta kaiwa da komowa, ita ce cike takardu, ita ce bin layin ɗakin magani.

Yaya ta harare shi. Wato mace na shirin shiga wuƙa, ita ke wahala, shi yana zaune kamar buhun siminti.

Ta buɗe jaka ta fito da burodi da dafaffen ƙwai. Auta, wadda tun safe ba ta karya ba, ta kai hannu. Yaya ta make hannun.

"Ke, mai shiga tiyata ba ya cin komai. Ungo kai, ci."

"Ba zan iya ba, Yaya," in ji direban da wata siririyar murya.

"Gulma."

Ta zauna ta cinye ƙwai huɗu ita kaɗai, Auta na haɗiyar yawu.

Can sai ga likitar tiyata, wata 'yar siririya mai tabarau, ta jawo kujera ta zauna gabansu da fayil. Ta ce ƙarin bai bazu ba, an yi sa'a an gano shi da wuri. Za su cire shi da ɗan naman da ke kewaye, kafin a farfaɗo kuma su cike gurbin da kitsen gefe, su daidaita wurin da ɗaya ɓangaren. Ta tambaya ko akwai mai tambaya.

Direban ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"Likita, kan maman fa? Zai tsaya daidai da ɗan'uwansa? Kada ɗaya ya kalli gabas, ɗaya ya kalli yamma."

Yaya ta miƙe sai da filas ya faɗi.

"Ka ji shi ko! Ana maganar rai, shi yana maganar gabas da yamma! Shekara goma sha takwas tana wanke maka kaya masu warin gas, yau abin da ya dame ka ke nan?"

Likitar ta buɗe baki. Auta ta girgiza mata kai tana roƙo da ido, likitar ta rufe bakin, ta rungumi fayil ɗinta ta yi gaba.

Yaya ba ta tsaya ba. Ta ce in an sallami mara lafiya gidanta za a wuce da ita, ita za ta yi jinya, shi kuma ya je ya rungumi tirelarsa, tunda tayoyinta duk girmansu ɗaya. Masu jira suka daina kallon talabijin suka koma kallonta. Wata tsohuwa mai sanda ta ce, "Gaya masa dai, 'yar nan."

Sai kawai ƙaton ya sa fuska cikin tafukansa ya fara kuka. Auta ta durƙusa tana shafa masa baya, tana cewa ba komai, awa biyu ne an gama.

Wannan ya ɗan kashe wa Yaya jiki. Ita ta goyi Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma kwana ukun nan ko barcin kirki ba ta yi saboda tunani. Ta juya ta goge ido da bakin gyale don kada a gani.

"To ya isa," ta ce masa. "Tashi ka riƙe mata hannu, ka zama namiji ko na minti biyar."

Ƙofar ɗakin tiyata ta buɗe, wata nas ta turo keken marasa lafiya da koriyar riga a kai. Yaya ta rungume Auta tana kwararo addu'a, ta cire mata 'yan kunne da zobe, ta danna ta kan keken duk da tana turjewa.

Nas ɗin ta duba fayil, ta duba Auta.

"Baiwar Allah, tashi ki ba mara lafiya wuri."

Sannan ta nufi lungu, ta naɗe hannun rigar direban, ta karanta farin abin da ke ɗaure a wuyan hannunsa, ta ce, "Maigida, bismillah, maman hagu ne ko?"