Taki Talatin Daga Gwamna

Jakar tokar Hamajoda ta faɗa ruwa a tsakiyar mashigin kogin Faro, kuma da ya tsamo ta babu komai a ciki sai kunu.

Wanda bai taɓa bin sawu ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a 'yar jakar toka. To, ita ce hancin mai bin sawu. Ka girgiza ta, toka ta tashi, ka ga inda iska ta nufa, ka san ta inda za ka ɓullo wa dabba ba ta ji warinka ba. Ga shi jiya ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ko ƙurar da za a ɗiba da yatsa babu. Gobe kuma ake rufe farauta.

"Kawu, mu koma kawai," in ji Jingi direba, yana marin ƙudan tsando a wuyansa. "Kaffarar rantsuwa azumi uku ne. Ba za ka mutu ba, tumbin nan ma ya samu hutu."

"Rufe mini baki, ja'iri. Je ka tsare motarka."

Hamajoda ya gyara Musiye Farnan a bayansa, ya haura gaɓa. Madam Odil, matar Musiyen, ta biyo su tana haki.

Shekara tara Musiye Farnan yana tasowa daga Faransa saboda gwanki guda, wani tsoho mai tabo a wuya. Mutanen sansanin farauta suna kiran gwankin Gwamna, don duk lokacin da aka je wurinsa sai a tarar yanzun nan ya fita. Sau tara Hamajoda yana kai Baturen dab da shi, sau tara Baturen yana ɓata abin. Wata shekara tari, wata shekara atishawa, wata kuwa ya shafo turaren da ko kurar Najeriya sai da ta ji shi.

Ga mita. Hanyar Garwa ta karya masa ƙugu, ƙanƙara ta narke, tsando sun tsane shi shi kaɗai, zafin nan da gangan ake yi masa. In za a ƙetare kogi, ƙarti huɗu ne ke cicciɓarsa yana zaginsu da Faransanci, su kuma suna ramawa da Fulatanci.

Bara, ranar tafiya, ya kama hannun Hamajoda ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce shi harbin ma ya yafe, a kai shi taki talatin daga Gwamna, sau ɗaya tak. Hamajoda, da bakinsa ya fi hankalinsa sauri, ya rantse da Allah zai kai shi.

Bana Musiye Farnan ko bindiga bai zo da ita ba. A filin jirgin Garwa ma'aikata suka tsare shi awa uku suna jujjuya takardunsa, bai ce uffan ba. A mota Madam ce ta riƙe shi gam har sansani, rami bayan rami, babu mita ko ɗaya. Tsando ma sun sallama masa. Jingi ya ce tunda yake tuƙi bai taɓa ɗaukar fasinja mai ladabi irinsa ba. Ƙarti huɗun nan kuwa an sallame su, Hamajoda shi kaɗai ya isa.

Abin da iyalin mutumin nan suka yi masa bai kwanta wa Hamajoda a rai ba. A garin su Hamajoda ko maƙiyinka ba ka yi masa haka. Amma rantsuwa rantsuwa ce, kuma in za a faɗi gaskiya, yana son jarababben Baturen nan. Ya yi kewar zaginsa ƙwarai.

Da hantsi suka samu sawu, sabo fil, kashin ma da ɗuminsa. Sawun ya shige wani kurmi. Hamajoda ya durƙusa. Gwamna yana bayan kurmin nan, hanya kuma biyu ce, hagu ko dama. Ɗaya za ta kai su gabansa, ɗayar ta kai masa warinsu. Ya lashi yatsa ya ɗaga, bai ji komai ba. Ya tsinki ciyawa ya saki, ta faɗo a kan ƙafarsa, jiƙaƙƙiya. Iskar tana nan, amma ta ƙi nuna kanta.

Ya sauke Musiye Farnan a hankali. Ya dubi Madam, ya yi ƙasa da murya.

"Madam, a yi haƙuri. Ki ba ni aron mijinki."

Ta zare ido. Sai ta gane. Ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa, hawaye na zuba, ba ka iya cewa dariya take ko kuka.

"Ɗauki," ta ce cikin raɗa. "A gida ma bai taɓa tsinana komai ba."

Musiye Farnan da kansa ya nuna musu hanya: dama.

Suka rarrafa. Ganye ya ƙare, fili ya buɗe, ga Gwamna tsaye yana kiwo hankali kwance, tabon wuyansa yana sheƙi a rana. Hamajoda ya auna da ido. Taki ashirin da takwas. Babu tari, babu atishawa.

"To, ga shi nan, mutumina," ya ce a hankali. "Na fita haƙƙinka."

Madam ta karɓi gwangwanin da Hamajoda ya goyo ta juye sauran mijinta a gindin ciyawa, Hamajoda kuwa ya goge yatsunsa biyu da ya ɗebi Musiyen da su a wando yana istigfari, yana mamakin mutumin da ya shekara tara yana ɓata masa farauta, sai da aka ƙona shi ya zama toka sannan ya yi amfani.