Allon da Ba Ya Nuna Komai

"Wannan nake so," ta ce, ta ɗora hannu a kan baƙin allon zanen da ba ya nuna komai.

Mai shago ya dubi yayanta. Ga mai gilashi, kana ganin zanenka a bakin alƙalami, ga na shafawa da yatsa kamar waya, amma ta tsallake su ta zaɓi wanda hannu ke aiki a ƙasa, ido yana can kan kwamfuta.

"Malama, wannan sai an sha wuya kafin hannu ya saba."

"Ƙyale ta," in ji yayan. "Haka ta ajiye aiki a ofishina, wai da zane za ta ci abinci. Auta, in kika kasa, gobe ki koma kujerarki."

"Na yarda, Yaya."

Aka haɗa mata allon, shi kuwa ya ci gaba da faɗa. Ta ɗauki alƙalamin, amma ko kwamfutar ba ta kalla ba. Ta kafe shi da ido tana gyaɗa kai cikin ladabi, kamar yadda take yi a taron ma'aikata, hannunta yana ta gudu.

Kafin ya kai aya, ga shi nan a kwamfuta: sanƙo, jijiyar wuya, yatsa a sama.

Ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya dubi wannan gyaɗa kan da ya sha yabawa.

"Auta, dama ba bayanina kike rubutawa ba?"

"Mai shago," ta ce, "naɗe mana shi."