Minsharin Nas

Ranar Lahadi maƙwabciyarmu Nas ta tafka abin kunya. Saurayinta bakanike yana tsaka da cewa aurenta yake so, sai kanta ya langaɓe kan benci, baki buɗe, har minsharin ya tsallako katangarmu. Baiwar Allah, kwana shida take tsaye a asibiti, Lahadin kaɗai take hutawa, shi kuwa ya nace sai ya zo.

Ta farka tana goge miyau, ta tarar ya haɗe rai.

"In ba kya sona, ki faɗa," in ji shi.

Ta dubi farcensa da ya kankare baƙin mai saboda ita, tausayi ya kama ta. Saura kaɗan ta ce duk Lahadinta tasa ce, sai ta tuna yadda ƙafafunta ke kumbura.

"Ina sonka. Amma ko aure muka yi, Lahadi daga azahar zuwa la'asar ƙofata a rufe take."

"Har da ni?"

"Kai fa bakanike ne. In inji ya ɗau zafi, kashe shi kake ya huce, ko zama kake kana yi masa hira?"