An Daina Haihuwar Irinsu

Motar Yamai tana ta hon a tashar Cadawa, amma Baba Tahiru ya ƙi sakin jakar ɗansa Mas'ud.

"Gwajin ƙwallon kwando za ka je yi a Yamai? Ku yaran yanzu me kuka iya ban da jifa daga nesa? Lokacin da nake ɗan makaranta, ina buga wa lakol ɗinmu a Maraɗi, da ƙirji ake kutsawa ƙarƙashin kwando. Ba za ka je ka ba ni kunya ba!"

Mas'ud ya dubi motar, ya dubi ƙanwarsa Nazira. Ta matso da wayar salula.

"Baba, dubi wannan."

Bidiyo ne marar kala, dishi-dishi, irin na da. Wani dogo ya ratsa mutum uku, ya tashi sama, ya zura ƙwallo.

Baba ya saki jakar, ya tafa hannu. "Ka ga mazan jiya! An daina haihuwar irinsu."

Nazira ta taɓa salular, kala ta dawo. Filin lakol ɗin Cadawa ne, dogon kuwa Mas'ud.

Ta ce, "Baba, wannan dai kai ka haife shi."