Rabin Turmin Atamfa

"A shimfiɗa ake ɗaukar ciwon sanyin nan," in ji uwar mijina. "Bawa yana Kano tun farkon fari. Wa ya ba ki, 'yar lakwal mai taƙama da boko?"

Abin da ba ta sani ba shi ne, Bawa yana shigowa a ɓoye da hatsin fasa-ƙwauri, in na faɗa, sojoji za su kama shi. Na haɗiye ƙaiƙayin da zagin mutanen garinmu Matameye, ban sunkuyar da kai ba.

A gidan likita na tarar da Indo maƙwabciyata, uwar masu habaici. Ƙwayoyinmu iri ɗaya. Zanen jikinta kuwa rabin atamfata ne, wanda Bawa ya ce an ƙwace a kan iyaka.

"Ya yi miki kyau, Indo," na ce.

Na nufi barikin soja.