Muryar Inna Babu Shaida

Tun da aka fara ajiye muryoyin mamata a babbar na'urar garin Gumel, duk Juma'a Lantana kan je shagon Tanimu ta gaisa da marigayiya mahaifiyarta. Yau kuwa tana zama sai allon na'urar shagon ya yi ja, ya ce babu takardar shaidar tsaro, ba a tabbatar da mai amsawa ba.

"Me ke nan kuma, Tanimu?"

"Ba komai, Hajiya. Na duba agogon na'urar, daidai yake. Na kashe na kunna, bai sake zani ba. Wataƙila wa'adin shaidar ne ya ƙare. Ki danna 'ci gaba' kawai, kowa haka yake yi."

Yana maganar yana goge teburin da ba shi da datti, ya ƙi haɗa ido da ita. Shagon kuma sai ƙamshin turaren Kawu Barau yake, mutumin da ya daɗe yana zawarcin gonar da Inna ta bar mata.

Ta danna.

Muryar ta fito sak, har da ɗan tarin nan nata. "Lantana, 'yata, ki bar wa kawunki gonar nan ki huta."

Lantana ita ce 'yar fari. Har Inna ta koma ga Allah bakinta bai taɓa furta sunan nan ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan".

Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta.

"Tanimu, ɗago ka dube ni. Ina kuka kai min uwata?"