Askar Maje Wanzami

Maje wanzami ya shaƙe wuyan Safiyanu mai shayi, ya buga kansa da tebur, kofuna suka tarwatse a bakin titin Gyadi-Gyadi. Shi dama ba ya tambaya kafin hukunci.

"Kai ka zuba wa Suhaib sammu a shayi, la'ananne. Ciki ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, ɗana na kwance a asibiti."

"Wallahi Baba, ban..."

Maje ya zaro askar da ya gada wurin mahaifinsa, ya tsarge masa kunci. Jini ya wanke rigar Safiyanu. Da ƙyar aka ɓamɓare Maje daga kansa.

Ana cikin haka 'yar Maje, Hafsah, ta sauko daga adaidaita tana haki.

"Baba, ba sammu ba ne, dajin hanta ne. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa tun yana ƙarami, ta yi ta cin hantar a ɓoye. Wai a bakin aska ake ɗauka. Yana tambayar wa ya yi masa kaciya."

Maje ya dubi askar tana ɗigar da jini. Da ita ya yi. Da ita ya yi wa rabin 'ya'yan unguwar Tarauni, bai taɓa tafasa ta ba.